Tambaya da Amsa: An rataye TV a bango, hoto ya fito, sauti ya ƙi

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk akan TV na bango ne da hom tiyata, kuma ban yi mamaki ba tunda lokacin bukukuwa ne ana ta jere, sai na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Wanda bai ga tasa ba ya duba a hankali, wataƙila tana cikin amsar wani.

Tambaya: Salam malam, dan Allah a taimaka. Ƙanwata muka yi wa jere satin da ya wuce, an sa mata TV inci 55 a bango da hom tiyata mai sifika biyar da wufa, wanda ya rataye mana ya sa wayar nan mai ja da fari a bayan TV ɗin ya ce shikenan ya tafi, toh har yau sauti ta TV yake fita, hom tiyatan sai dai a sa masa filash ko a haɗa da waya ta bulutut. Mun kira shi ya ce wai kayan ne ba su da kyau a mayar. Sababbi ne fa a kwali muka ɗauko. Daga wata yaya a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Kada ku mayar da komai tukuna, tunda yana kiɗa da filash kuma yana kama bulutut lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne abin da nake tararwa a gida bakwai cikin goma in ba ƙari ba, wato an haɗa ƙofar shiga da ƙofar shiga. Ki sa a haska bayan TV ɗin da fitilar waya ki karanta abin da aka rubuta kusa da ramukan nan ja da fari da rawaya, za ki ga AV IN. IN ɗin nan yana nufin ta nan abu ke shiga cikin TV, daga dikoda ko DVD, babu abin da yake fitowa ta wurin. Shi ma hom tiyatan inda aka soka wayar AUX IN aka rubuta, shi ma jira yake a ba shi. Kinga kowa ya miƙa hannu yana jiran karɓa, babu mai bayarwa. Launin ramin bai isa hujja ba, rubutun da ke gefensa shi ne magana. Sauti kamar ruwan famfo yake, daga inda aka rubuta OUT yake fita ya shiga inda aka rubuta IN, in kin riƙe wannan kaɗai ko mai gyara ba zai ruɗe ki ba.

Tsofaffin TV masu ƙeya da na farkon masu faɗin nan da yawansu suna da ja da fari na fita, shi ya sa masu haɗawa suka saba, amma na yanzu kusan duk an cire. Abin da ya rage na fitar da sauti a TV na zamani uku ne. Akwai ramin HDMI guda ɗaya da aka rubuta ARC a jikinsa, akwai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu da ɗan murfi wanda in TV na kunne za ki ga jan haske a ciki, an rubuta OPTICAL ko DIGITAL AUDIO OUT, sai kuma a wasu akwai ramin iyafis irin na waya. Yanzu sai ki juya bayan hom tiyatan ki ga wanne yake da shi a cikin ukun nan.

In yana da HDMI mai ARC to kin huta, waya ɗaya ce, ki karanta amsar da ke biye. In yana da optikal sai a sayi wayar optikal, siririya ce haske ke bi ta cikinta ba wuta ba, kamfanin Toshiba ne ya fito da ita tun 1983 kuma har yau tana aiki tsaf. Abu biyu za a kula, akwai 'yar hular roba a bakinta kowane gefe sai an cire kafin a soka, mutane da yawa da hular suke turawa su ce ta ƙi shiga har su fasa ramin, sannan ba a lanƙwasa ta kamar wayar caja don cikinta karyewa yake.

Amma yadda kika kwatanta naku ina zaton irin wanda ba shi da komai ne sai ja da fari da filash da bulutut, su suka fi yawa a kayan ɗaki. In TV ɗin na da ramin iyafis a sayi waya mai kan iyafis a gefe ɗaya, ja da fari a ɗaya gefen, ita ce mafi arha kuma yawanci rimot ɗin TV zai riƙa ƙara sauti da ragewa. In babu ramin iyafis sai a sayi 'yar kwanbata, wani ɗan akwati ne bai kai kwalin ashana biyu ba, optikal na shiga ta gefe ɗaya ja da fari na fita ta ɗaya, ana samunta a shagunan kayan lantarki irin na titin Beirut nan Kano, kuma wutarta bolt 5 ce don haka ramin USB na TV ɗin ma zai riƙe ta, a manna ta a bayan TV ba mai ganinta. Ga inda ake faɗuwa, bayan an haɗa dole a shiga setin na sauti a TV a mayar da fitar sauti zuwa optikal, sannan a nemo inda aka rubuta Auto ko Dolby Digital a canza shi zuwa PCM. Ƙananan kwanbatan nan ba su iya karanta Dolby, in aka bar shi a haka ko dai ki ji shiru ko ki ji wani shuuu mai ƙarfi kamar rediyo ta ɓata tasha, sai a ce kwanbata ta lalace alhali setin ne.

Wani zai ce muku a ɗauko ja da fari daga bayan dikoda kai tsaye zuwa hom tiyata, eh yana yi, kuma babu laifi, sai dai tashoshin dikoda kaɗai za su fito ta nan, ranar da amarya ta kunna YouTube ko ta sa filash a TV sauti zai koma ta TV. Sannan gaskiya guda da ya kamata ki sani, duk hanyar da ta bi ta ja da fari sauti biyu ne kawai take ɗauka, hagu da dama, injin ne zai rarraba shi ga sifika biyar ɗin. Zai cika ɗaki ya yi daɗi, amma ba shi ne ainihin 5.1 da aka rubuta a kwali ba, wanda kowace sifika cikin biyar ɗin da wufa ke samun nata sautin daban.

Tambaya: Malam nawa TV LG ne, saunba kuma, doguwar sifikar nan da ake sawa ƙarƙashin TV, Samsung ce, duka suna da HDMI ARC na gani da idona, na haɗa amma shiru. Wani lokaci in an ɗauke wuta an dawo sai ya yi, gobe kuma ya daina. Kuma ina da dikoda da PS na wasan gem, ban san wanne zan sa a ina ba. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa bambancin kamfani ba shi ne matsalar ba, ARC na kowa ne, tun 2009 aka shigo da shi cikin HDMI 1.4 don dai a rage yawan wayoyi. Da farko ka tabbatar ramin da ka soka a TV shi ne mai rubutun ARC ɗin, don a cikin ramuka uku ko huɗu guda ɗaya ne kawai ke mayar da sauti, kuma da TV ta hau bango mutum da lalube yake sokawa, yana iya faɗawa na kusa da shi. A saunba kuma wanda aka rubuta HDMI OUT ko TO TV za ka sa, nan ne kaɗai wurin da OUT ke karɓar sauti, dalilin sunan ARC kenan, wato Audio Return Channel, hanyar dawowar sauti, sautin dawowa yake yi ta hanyar da hoto ke fita.

Na biyu, ARC ba ya tashi sai an kunna wani abu da ake kira CEC, shi ne ke sa na'urori su yi magana da juna ta cikin wayar HDMI, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, abin da ke ruɗa mutane kenan. A LG sunansa SimpLink, a Samsung Anynet+, a Sony Bravia Sync, a Panasonic Viera Link, wasu kuma CEC ɗin kawai suke rubutawa. Ka shiga setin na LG ɗinka ka kunna SimpLink, ka je wajen sauti ka zaɓi HDMI ARC, a rimot ɗin saunba ka danna har ya nuna TV ARC ko D.IN.

Wannan yi yau ƙi gobe da kake gani kuwa daga gaisuwar da suke yi ne lokacin tashi, in wuta ta dawo kowa ya farka lokaci guda wani na riga wani, sai su kasa gane juna. Maganin da ya fi yi min aiki shi ne ka zare komai daga soket, ba kashewa da rimot ba, ka cire duk wayoyin HDMI, ka bari kamar minti biyu, sai ka haɗa TV da saunba su kaɗai ka kunna, in sauti ya fito sai ka dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa a nan za ka kama mai laifin, wata dikodar ko wani ɗan akwatin Android da zarar an soka shi yake rikita CEC ɗin gaba ɗaya, in ka gano shi ka shiga setin ɗinsa ka kashe masa nasa CEC ɗin. In duk an yi haka bai daina ba ka canza waya kafin ka zargi na'ura, akwai wayoyin HDMI na arha da suke nuna hoto lafiya lau amma ba a haɗa musu siraran layukan da ARC ke bi ba.

Game da jeri, ni shawarata dikoda da PS duk su shiga TV kai tsaye, TV ta tura sauti ga saunba ta ARC. Haka rimot ɗaya ya ishe ka, kuma PS ɗinka ba zai rasa ingancin hoto ba don ya ratsa ta saunba da ba ta kai shi ƙarfi ba. In PS5 ne kuma TV ɗinka na da ramin da aka rubuta 4K 120 to ka sa shi a nan da wayar da ta zo a kwalinsa. In ka ga eARC a maimakon ARC ƙanensa ne da ya zo da HDMI 2.1 a 2017, yana ɗaukar sauti mai nauyi irin Dolby Atmos cikakke, amma sai duka biyun suna da shi, in ɗaya ne kawai za su koma ARC na da su ci gaba da aiki. In kuma ka lura bakin mai labarai na riga muryarsa ko murya na riga baki, akwai wurin daidaitawa a setin mai suna AV Sync, ko ka mayar da shi PCM ka gani, yawanci yana gyaruwa.

Tambaya: Gidan haya nake, mai gida ya yarda in huda bango in sa hanga amma ya ce kar in fasa masa filasta. Wayoyi sun kai shida suna reto a ƙarƙashin TV, yarana ƙanana suna ja, matata kullum sai ta yi magana. Kuma TV ɗin ta manne da bango hannuna ba ya shiga baya. Daga Zariya.

Amsa: Maigida, uwargida ta fi ka gaskiya a nan, kuma ba don kyan gani kaɗai ba, yaro in ya ja HDMI ramin da ke jikin allon TV yake ɓallewa, gyaransa kuwa sai an buɗe TV. Ka sayi tirankin, farar robar nan mai murfi da masu wayarin ke bi da ita kan bango, amma kar ka ɗauki siririyar, ka nemi mai faɗin da zai ɗauki duk wayoyinka har da sauran wuri, guda ɗaya daga bayan TV ta sauko tsaye zuwa bayan teburin da kayan suke. Ƙananan kusoshi ko sukurori uku sun riƙe ta, in za ka tashi ka cire ka toshe ramukan, in ka shafa mata ragowar fentin ɗakin sai an lura za a gan ta. Wayar wuta in da hali ka ware mata nata, musamman kar ta kwanta jiki da jiki da wayar ja da fari, nan ne ake samun gurnanin nan huuum a wufa. Kowace waya ka bar mata ɗan rara a bayan TV kar ta zama a ɗame, ka ɗaure su a jikin hangar da abin ɗaure waya yadda ko an ja daga ƙasa hanga ce za ta ji ba ramin TV ba.

Maganar hannu ba ya shiga, dole ku sauke ta sau ɗaya, ku biyu, kar ka gwada kai kaɗai. Ku kwantar da ita ta fuska a kan katifa, ka ɗauki hoton bayanta da waya don gobe, ka soka duk abin da kake buƙata har da HDMI guda ta ajiya da za ta sauko cikin tirankin ɗin tana jiran ranar da za ka sayi wani abu, ka liƙa wa kowace 'yar takarda a ƙarshenta na ƙasa ka rubuta 1, 2, 3. In ramukan TV ɗinka bango suke kallo ba gefe ba ka sayi ɗan kan HDMI mai lanƙwasa kamar gwiwa, yana zuwa iri biyu, mai kallon ƙasa da mai kallon sama, ka duba hoton da ka ɗauka kafin ka biya. Ba don komai ba sai don na sha ganin TV da aka danna ta da ƙarfi kan bango kan wayar ya tanƙware a ciki, wata biyu hoto ya fara ɗaukewa.

Masu gini kuma da ke karanta wannan, dan Allah tun kafin filasta ku sa a binne bututu daga inda TV za ta zauna zuwa ƙasa, kuma ba fayif ɗin wayarin na milimita 20 ba, kan HDMI da robarsa ba ya wucewa ta ciki, ku sa na inci 2 irin na ruwa, ba kwana mai kaifi, a bar igiya a ciki ta jan waya, a sa soket biyu a bayan TV. Kuma kar a taɓa binne HDMI tsirara cikin siminti, waya ce tana mutuwa, ranar da ta mutu sai an fasa bango. Ita ma wayar wutar TV ko ekstenshan ba a binne ta.

Tambaya: Gidanmu na cikin gari ne ginin ƙasa aka yi masa shafen siminti, zan iya rataye inci 50? Kuma a wane tsayi? Daga Katsina.

Amsa: Da fisha, 'yar robar nan da ake cusawa a ramin bango, da sukuru kawai a'a, ban yarda ba. Shafen simintin nan bai fi kaurin yatsa ba, bayansa ƙasa ce, fisha ba ta da abin kamawa, za ta riƙe wata ɗaya ko shekara sannan wata rana da damina bango ya sha danshi ta zare. TV irin wannan da hangarta tana iya haura kilo 10, in hanga mai hannu ce da ake jawowa nauyin da ke kan kusoshin sama ya ninka. Ko dai a huda bangon gaba ɗaya a zura dogayen ƙusoshi masu noti su fita ta baya a tare su da faffaɗan ƙarfe ko katako, ko kuma, wanda na fi so, kafinta ko mai walda ya yi maka allo mai ƙafa da zai tsaya a ƙasa ya jingina da bango, a ɗaura hangar a jikinsa, nauyi na ƙasa, wayoyi duk su ɓuya a bayansa. Masu ginin bulo ma ku kula, bulo rami ne da shi a ciki, in diril ya faɗa fanko a matsa gefe a nemi inda yake da nama. Sukurorin da ke shiga bayan TV kuma a auna su, ramukan huɗu ne a tsarin da ake kira VESA, kamar 200 da 200 ko 400 da 400 a milimita, sukurun yawanci M6 ne ko M8 a manya, in ya yi tsawo ka ɗaure da ƙarfi yana iya taɓa abin da ke ciki.

Tsayi kuwa, mu nan muna son kai TV can sama kusa da silin kamar ta gidan kallon ƙwallo, sai mutum ya gama kallo wuya na ciwo. Ka zauna inda ka saba zama, inda idonka ya sauka a bango nan ne tsakiyar TV, ga mai zama kan kujera wajen santimita 105 zuwa 115 daga ƙasa. In gidanku a kan kafet ake zama da tumtum to ƙasa da haka ma. In saboda yara za ka ɗaga, ka sayi hanga mai sunkuyowa. Ka bar mata sarari ta sha iska, zafin watan Afrilu a Katsina yana wuce digiri 40, kar a kewaye ta da katako ruf, da hunturu kuma a riƙa share ƙurar ramukan iskan da ke bayanta.

Tambaya: Malam abu biyu. In na taɓa ƙarfen kan HDMI ko wayar dish sai in ji wuta tana ɗan cizo na. Sannan daminar bara an yi tsawa da dare, da safe ramukan HDMI biyu sun mutu da dikoda, alhali TV a kashe take kuma ina da sitabilaiza. Yanzu na sayi sabuwa ina tsoro. Daga Gombe.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, kuma tsoronka a kan hanya yake. Cizon da kake ji alama ce gidan ba shi da wayar ƙasa mai aiki, wadda masu wayarin ke ce wa atin, ko kuma ekstenshan ɗinka mai waya biyu ce a ciki duk da ramukanta uku ne. Na'urorin nan kowacce na ɗan zubar da wuta kaɗan zuwa jikinta, in akwai atin ƙasa ke shanyewa, in babu sai ta taru a ƙarfen tana jiran hanya, hanyar kuwa ko yatsanka ko ramin HDMI lokacin da kake sokawa, wani lokaci har ɗan tartsatsi za ka gani. Shi ya sa nake roƙon mutane, in dai gidanka na cizo kar ka soka ko zare HDMI sai ka kashe soket. Ka kira mai wayarin na gaske ya auna, in babu a kafa sandar atin a haɗa ta har soket ɗin falo. Wannan ba maganar TV kaɗai ba ce, in cizon ya wuce ɗan tsiri-tsiri ya zama fizga to akwai abin da ya lalace, a kashe komai har sai an duba, akwai yara a gida.

Abin da ya kashe maka kaya bara kuma mai yiwuwa ba ta soket ya shigo ba, ta dish ya shigo. Tsawa ba sai ta faɗo kan gidanka ba, in ta sauka kusa doguwar wayar nan da ta taho daga kan rufi tana kwaso ƙarfin, ya shiga dikoda, daga dikoda ya bi HDMI ya shiga TV, shi ya sa ramukan HDMI ne suka mutu ba wajen wutar ba. Sitabilaiza aikinta ɗaga wuta in ta yi ƙasa da sauke ta in ta ɗan hau kusa da bolt 230 ɗin da ya kamata, ba ta da saurin tare tsawa kuma ba ta ma kan hanyar dish. Kashewa da rimot ba kashewa ba ce. In hadari ya haɗu ka ga walƙiya ka zare filogi daga bango, ka kwance wayar dish daga bayan dikoda, minti ɗaya ne, kuma ka yi tun kafin ruwa ya sauko, ba a taɓa wayar dish ana tsaka da tsawa. Don haka ma nake cewa a ajiye dikoda a inda hannu ke kaiwa, kar a cusa ta bayan TV.

Ka ƙara da 'yar na'urar nan ta soket da ake ce wa TV gad, tana yanke wuta in ta yi yawa kuma in NEPA sun dawo tana jira kaɗan kafin ta saki, wannan jiran yana ceton kaya sosai don farkon dawowar wuta shi ne mafi haɗari. In za a tayar da janareto a kashe soket ɗin TV sai ya daidaita, in za a kashe shi ma a fara kashe TV, kar a bari mai ya ƙare yana shure-shure kaya na kunne. Sannan TV da dikoda da hom tiyata duk su sha daga wuri ɗaya. Na shiga gidajen da TV ke kan inbata hom tiyata na kan layin NEPA, waya ta haɗa su, ga gurnani a sifika ga ramuka na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kar lambar 1000W da ke jikin kwali ta tsorata ka ka raba su, wannan ta talla ce, ka duba 'yar takardar da ke bayan injin kusa da wayar wuta, nan aka rubuta abin da yake ci na gaskiya.

Tambaya: Sifiku biyar ɗin duk a gaban TV na jera su saboda wayar na baya ba ta kai ba. Zan iya ƙara mata tsawo? Daga Sakkwato.

Amsa: Za ka iya, da wayar sifika ta jan ƙarfe mai ɗan kauri, a murɗe da kyau a naɗe kowane layi daban, in silin waya ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa injin ne zai ƙone. Ka kiyaye ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, in ka juya ɗaya sauti zai fito amma ya zama fayau ba nauyi. Mai rubutun C ita ce ta murya, ta zauna daidai ƙarƙashin TV, FL da FR hagu da dama, SL da SR, wato na baya, a gefen kujera ɗan baya kaɗan sama da kunne, wufa a ƙasa duk inda ta fi daɗi amma ba cikin kabad ba. Kuma kar ka ɗauki waɗannan sifikun ka haɗa da wata amfilifaya ba ka duba ba, akwai ma'aunin juriyar sifika da ake kira om, na cikin kwali wasunsu om 3 ne, manyan amfilifaya kuwa 6 zuwa 8 suke so.

Tambaya: Yayana ya aiko min da amfilifaya Denon daga Amurka, filoginta mai ƙafa biyu fale-fale, in sa adafta in kunna? Daga Maraɗi.

Amsa: Tsaya tukuna ɗan'uwa, kar ka kunna. Amurka wutarsu bolt 120 ce, ta Nijar 220, adafta kuma siffar ƙafa kawai take canzawa. Ka duba bayanta, in ka ga 100-240V to adafta ta isa, amma manyan amfilifaya na kasuwar Amurka kusan duk 120V kaɗai ake rubutawa, soka ta ɗaya za ta yi hayaƙi. Sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta daga 220 zuwa 110 wadda ƙarfinta ya kai ninki biyu na abin da aka rubuta amfilifayar na ci, ka naɗe filogin da jan salatif ka rubuta 110 a jiki don kar wani a gida ya zare ya mayar bango ranar shara. Ita irin wannan tana da ramukan HDMI da yawa, don haka kai dikoda da sauran kaya cikinta za su shiga, waya ɗaya tak ta hau bango daga HDMI OUT ɗinta zuwa ramin ARC na TV. In nisan ya wuce mita 5 kuma 4K kake kallo ka sayi waya mai kyau ka gwada ta a ƙasa kafin ka sa ta cikin tirankin, in doguwar HDMI ce irin wadda haske ke bi ta cikinta ka duba kanta, gefe ɗaya an rubuta Source shi ke shiga amfilifaya, mai Display shi ke zuwa TV.